Cinikin da Ba a Tayawa

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a ƙasar nan ya san kunyar raka mahaifi kanti. Kaya ga farashinsu nan an manna, ga layi a bayanku har ya yi kwana, amma tsoho sai ya dubi yarinyar da ke karɓar kuɗi ya tambaye ta nawa za ta bar masa. Kai kuwa kana gefe kamar ƙasa ta tsage ka shige. Mu da aka haifa a nan mun saba, abin da aka rubuta shi ne, ka biya ka wuce. Su kuwa iyayenmu, a wurinsu farashin farko gaisuwa ce kawai, ba a fara magana ba tukuna.

Wuri ɗaya na sani a Amurka da mai tayi ba ya zama abin kallo, shi ne wurin sayar da mota. Nan kam Baturen ma tayawa yake yi. Shi ya sa da Abbanmu ya ce a farkon 2024 zai sayi sabuwar jif dal a leda, duk gidan muka ce to, ga fili ga mai doki.

Bari in ɗan gaya muku waye Abba a harkar mota. A rumfar mahaifinsa a Kantin Kwari ya koyi ciniki tun yana yaro. Ya zo Houston a ƙarshen shekarun 1980, ya yi tasi shekara goma sha, sannan ya koma sayen motoci a gwanjo yana loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can yaransa su shiga da su Kano. Da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, sai ya juya akalar zuwa tashar Legas. Mutum ne da zai zagaya mota sau ɗaya ya gaya maka an taɓa yi wa ƙofar baya fenti, ko ruwa ya taɓa shanye ta. Amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa mallakar motar da shi ne ya fara hawanta ba. Duk abin da muka hau tun muna yara wani ya riga mu, wata da tabon kofi a kujera, wata da warin tabar wani bawan Allah da ba mu taɓa gani ba. Bayan ambaliyar Harvey a Agustan 2017, da ruwa ya cinye ƙaramar motar Umma a ƙofar gida, ya yi alwashin ba zai ƙara ajiye mota mai gajeren ƙafa ba. Ya samo wata tsohuwar Sequoia a gwanjo, ita ya yi ta ja.

Motar da ya ƙyalla ido a kai ita ce Lexus GX 550. Ga waɗanda mota ba ta dame su ba, 'yar uwar Prado ce, ƙashin bayansu ɗaya, a Japan ake ƙera ta. Wadda ta gada, GX 460, ta yi shekara 14 a kasuwa ba wani canjin kirki, don haka da aka nuna sabuwar a Austin a watan Yunin 2023, da ƙirarta mai kusurwa-kusurwa kamar akwati, sai mutane suka yi caa a kanta. Farashin kamfani ya fara daga dala 64,250, mafi tsadarsu ta haura 80,000. Abba mai kujeru sahu uku yake so saboda jikoki, kuma fara, domin a wurinsa jif in ba fara ba ce ba ta cika jif ba.

Ni dai ra'ayina daban ne, kuma ban ɓoye masa ba. Akanta ce ni, lissafin kuɗin mutane shi ne abincina. Na ce Abba, duk motar da ta fito ana rububinta, shekarar farko ba ta mai neman ragi ba ce. Ka bari a yi shekara ɗaya ko biyu, masu zumuɗi su gama saye, fili ya cika, su da kansu za su riƙa kiranka. Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "shekarata 68. Ke ce kike da shekara biyu ta jira. Ni ban san ko ina da ita ba." Abokansa biyu muka yi wa jana'iza a shekarar da ta gabace ta. Daga nan ban ƙara cewa komai ba, na ɗauki jakata na koma aikin da kowannenmu ya iya tun yana ɗan shekara 9, wato tafinta. Ba wai Abba ba ya jin Turanci ba, yana ji sarai. Turancin ƙananan rubutun ƙasan takarda ne nawa.

Wata Asabar bayan ƙaramar Sallah muka je wurin dila na farko. A Texas doka ta hana dila buɗewa Asabar da Lahadi a jere, sai ya zaɓi ɗaya, yawanci kuma Lahadi suke rufewa, don haka Asabar wurin cike yake maƙil kamar jajibere. Abba ya sha farar shadda da zanna bukar kamar mai zuwa ɗaurin aure. Guda ɗaya tal ce a wurin, tana tsakiyar ɗaki tana ƙyalli.

A gilashin kowace sabuwar mota a ƙasar nan akwai wata babbar takarda. Ba ado ba ce, doka ce tun 1958, wani sanata daga Oklahoma, Mike Monroney, shi ya kawo ta, har ake kiran takardar da sunansa. Dole ta nuna farashin da kamfani ya ba da shawara a sayar, da kuɗin dakon motar, da duk abin da aka ƙara mata a masana'anta. Ku riƙe kalmar nan, shawara. Doka ta tilasta a manna farashin, ba ta tilasta a sayar a kansa ba. Ta wannan motar ta ce dala 71,000 da 'yan kai. To a gefenta kuma akwai wata 'yar siririyar takarda, ita dila ne ya buga abarsa, ya yi mata zubi irin na babbar har ka zaci tare suka zo. A jikinta an jero baƙin gilashi, da maganin kare fenti, da zana lambar mota a gilashi don ɓarayi, da iskar naitirojin a taya, duka dala 3,500. Iskar da ni da ku muke shaƙa kyauta ma fa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Sai layin ƙarshe, wanda aka raɗa wa suna mai daɗi, wai daidaita farashi da kasuwa: dala 10,000. Ba taya, ba fenti, ba ko tsinke. Kuɗin son da kake yi wa motar ne.

Abba ya yi yadda aka koya masa. Bai yi wa motar wani kallon kirki ba. Ya zagaya, ya taɓe baki, ya ce bayan ya yi ƙunci, injin ma silinda 6 ne ba 8 ba kamar na tsohuwar. Ba a yabon kaya kafin a saya, kowa ya san wannan. Ya tambayi yaron da ke sayarwa garinsu da lafiyar iyayensa. Sai da hira ta yi hira sannan ya taya: 62,000, kuɗi hannu, yau ɗin nan.

Yaron nan wallahi bai yi rashin kunya ba. Ya yi murmushi ya ce ai wannan ɗin ma an riga an sayar, mai ita Litinin zai zo ɗauka. Akwai mutum 40 da wani abu a layin jira, in Abba yana so zai sa sunansa, ya ajiye kafin alƙalami, a kan farashin takardun nan biyu. Abba ya ƙara dubu biyu. Yaron ya ce bari ya ga manaja. Ya shiga wani ɗaki mai gilashi, muna hango su suna hira suna dariya, ina jin ta ƙwallo ce, ya dawo ya ce manaja yana gaisuwa.

Sai Abba ya zaro makaminsa na ƙarshe, wanda bai taɓa ba shi kunya ba daga Kwari har gwanjon Texas. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya nufi ƙofa. A kasuwa ta gaske, kafin ka yi taku goma za ka ji, "Alhaji dawo mana, kawo kuɗin, don kai ne." Na ga yadda ya rage sauri a bakin ƙofa. Ya tsaya ya duba wayarsa, alhali ba wanda ya kira. A wurin ajiye motoci ya daɗe yana laluben makullin da ke hannunsa. Ba wanda ya biyo mu. Ta gilashi na hango yaron har ya miƙa wa wasu mata da miji ruwan gora.

Bai ce uffan ba sai da muka hau babban titi. Kamar da kansa yake magana ya ce, "Ko albarka bai ce min ba."

Ga 'yan uwa da ba su taɓa zama gida ba, albarka ita ce a'a ɗin ɗan kasuwa. Ya ƙi tayinka, amma ya ce ka ƙara, ya karɓe ka a matsayin abokin ciniki, ƙofa a buɗe take. Abin da ya ci wa Abba rai ke nan, ba tsadar ba. Tsada ya saba da ita. Bai saba da mai kayan da ba ya bukatarsa ba.

Ga yadda abin yake ta ciki. A Texas, kamar jihohi da dama, kamfanin mota ba shi da ikon sayar maka da hannunsa, sai ta hannun dila. Ko Tesla da hedkwatarta ke Austin, sai dai ka yi oda ta intanet. Dila kuwa ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, sarin mota yake yi, kamfani ya raba wa kowa kasonsa gwargwadon yadda yake sayarwa. Yawanci da bashi yake saro motocin, don haka duk kwanan da mota ta yi a filinsa kuɗi take ci masa. Nan ne yake neman kai da ita, nan ne sanin farashin sari yake da amfani, da sanin ɗan kason nan na kashi 2 ko 3 da kamfanoni da yawa ke mayar wa dila bayan ya sayar. Duk dabarun da za ku karanta a intanet na irin wannan motar ne. Amma motar da aka sayar tun tana cikin jirgi a teku, ba ta kwana a fili balle ta ci masa sisi. Tafiyarka ba ta rage shi da komai ba, na bayanka zai matso. Diloli sun ɗanɗana wannan zumar a 2021 da 2022, lokacin ƙarancin 'yan ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta da ake sa wa motoci, da har ƙananan motoci aka riƙa sayarwa sama da farashin takarda. Kasuwa ta dawo daidai daga baya, amma duk sanda wata mota mai farin jini ta fito, sai ka ga 'yar siririyar takardar nan ta dawo.

Wurin dila na biyu aka taɓo inda ya fi zafi. Abba ya kusa shekara goma yana ware kuɗin motar nan. A duniyarsa mai kuɗi hannu sarki ne, shi ake yi wa ragi, shi ake kawo wa kujera. Nan kuwa da ya ce zai biya gaba ɗaya sai na ga fuskar mutumin ta canja kamar an yi masa saƙon rasuwa. Dalili kuwa, ribar dila ba a jikin mota kaɗai take ba. In ka ci bashi ta hannunsa, banki zai ba shi kuɗin ruwa kaza, shi ya ɗora kashi 1 ko 2 a kai, abin da ya hau nasa ne. A ɗakin takardun bashin ne kuma ake sayar maka da ƙarin garanti da inshorar taya da sauran tarkace, a narka su cikin biyan wata-wata yadda ba za ka ji zafinsu ba. Mai biya gaba ɗaya ya toshe wannan hanyar. Mutumin dai ya fito fili. Ƙarinsu dala 8,000 ne, amma in Abba zai karɓi bashi ta wurinsu, zai mayar da shi 4,000. Ya biya na wata 3 ko 4, sannan in ya so ya zube sauran ya huta.

Na yi masa lissafin da Hausa a bayan takarda, domin aikina ke nan. Bayan an cire kuɗin ruwan watannin, kamar dala 2,000 za ta rage masa a aljihu. Yayana ma ta waya daga Dallas ya ce ai kowa haka yake yi. Abba ya ce, "Shekara 35 ban sa hannu a takardar riba ba. Gidan da kuke ciki, sai da na yi shekara 19 ina haya kafin na saye shi. Yanzu da furfura, saboda mota?" Ni ba na shiga fatawa, ba fagena ba ne, kuma na san da yawa cikinmu da bashin makaranta muka yi karatu, kowa ya san yadda ya yi da ransa. Abin da na gani dai a ranar, an sa wa aƙidar mutum farashi, dala 4,000 cif, shi kuma bai ko taya ba.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Muna shirin tashi manajan ya tambayi sana'ar Abba. Shi kuwa da alfaharinsa ya ce motoci yake turawa Afirka. Kai, kamar an watsa wa ɗakin ruwan ƙanƙara. Manyan jif irin waɗannan suna ɗan karen tsada a wasu ƙasashe, akwai masu saye a nan su loda a jirgi washegari, kuma in aka gano, kamfani na iya cin dila tara ko ya rage masa kaso. Ba a Amurka kaɗai ba. Da Land Cruiser 300 ta fito a 2021, masu saye a Japan sai da aka sa su sa hannu kan alkawarin ba za su yi saurin sayar da ita ko fitar da ita waje ba, kuma a farkon 2022 Toyota da kanta ta ce mai oda a can zai iya jiran shekara 4. To ga dattijo da hula, da kuɗi hannu, da sana'ar fitar da motoci. Ban ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Amma mutumin da ya tura wa wasu motoci ɗaruruwa, ranar da ya zo saya wa kansa guda ɗaya tak, sai aka yi masa kallon ɗan fasa-ƙwauri. Daga ranar ba su ƙara amsa wayarmu ba.

Abba ya ce a bar maganar. Ya wanke Sequoia ɗinsa tas, har da sa mata turare. Bayan sati biyu Umma ta ja ni kicin ta ce, "Mutumin nan fa bai haƙura ba. Kullum bayan asuba hoton motar yake kallo a waya, in na leƙo ya kife."

Na same shi a falo na ce, "Abba ka ba ni wuƙa da nama." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da ko tumatir ba kya tayawa?" Amma ya matsa ya ba ni wuri a kujera.

Imel guda na rubuta, na aika wa diloli 23 a Texas da jihohin da ke kewaye. Hannu nawa ne, amma ƙa'idojin nasa. Kada ki ce muna so, ki ce muna dubawa. Kada ki ba su lambar waya, baki yana da zaƙi, rubutu kuwa ba ya musu. Kada ki faɗi yadda za mu biya, kada ki ce muna da tsohuwar mota, sai an gama maganar farashi. "Ciniki ɗaya-ɗaya ake yi, Uwata. In kika haɗa uku a tukunya ɗaya ba za ki san wanda ya ƙone ba." Abin dariya, kusan duk abin da masana harkar ke rubutawa ke nan, shi kuwa a Kwari ya same shi ba da kuɗin makaranta ba. Tambayata ɗaya ce: jimillar abin da za a rubuta a cek, da haraji, da rajista, da kuɗin takardu, da komai da komai, layi-layi.

Tara ba su amsa ba. Wasu suka ce sai mun zo da kanmu mu zauna mu fahimci juna, wato su samu su zaunar da kai awa huɗu har ka gaji ka sa hannu. Wasu suka aiko min da abin da zan riƙa biya a wata, abin da ban tambaya ba. Biyu suka ce su ba sa ƙara ko sisi, amma mazauna yankinsu kaɗai suke sayar wa. Ɗaya ya yi ta rantsuwa ba ƙari a wurinsu, sai da jimillar ta iso na ga tarkacen dala 6,000, wai an riga an sa, ba a cirewa. Irin wannan ne hukumar cinikayya ta tarayya, FTC, ta so ta yi wa linzami da wata ƙa'ida da ta fitar a Disamban 2023, wadda ta ce dila ya faɗi ainihin farashi tun farko, kuma kada ya caji mutum kuɗin abin da ba shi da amfani. Ƙungiyar diloli ta ƙasa da ta nan Texas suka kai ƙara, ƙa'idar ba ta fara aiki ba har kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Janairun 2025, bisa cewa hukumar ba ta bi matakan da doka ta shimfiɗa ba. Don haka duk mai shirin saye, idonsa ne ɗan sandansa.

Sai ga amsar wata mata daga wani gari can arewa maso yamma, tafiyar awa takwas. Farashin kamfani, ba ƙari, ba tarkace. Kafin alƙalami dala 1,000, in mun fasa a mayar mana. Jira wata 4 zuwa 8. Kala kuwa abin da Allah ya kawo. Na gaya mata sana'ar Abba tun da wuri, ta ce ba matsala, zai sa hannu kan cewa motar ba za ta fita ƙasar ba har shekara guda. Abba ya ce duk da haka in taya, ba a karɓar farashin farko ko na likkafani ne. Na nemi ragin dala 1,000. Ta amsa da layi biyu, ta ce a wannan motar ba za ta iya ba, amma ta gode da na tambaya, kuma tana fata za mu ci gaba da magana. Na fassara masa duk da ya ji. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ta ce albarka. Tura mata kuɗin."

Daga Mayu muka shiga jira. Babbar Sallah ta wuce, guguwar Beryl ta zo ranar 8 ga Yuli ta bar mu kwanaki ba wuta, Abba yana fifita yana tambayata ko matar ta rubuto. A ƙarshen Satumba ta kira. Wani da ke gabanmu ya fasa, akwai guda mai sahu uku, amma ruwan toka ce, kuma kwana biyu gare mu mu yanke shawara. Na zaci za a yi daru. Abba ya shafa gemu ya ce fara ta ango ce, ruwan toka ta fi dacewa da furfura.

Da Sequoia muka tafi, bayan sallar asuba. Sai da aka gama maganar sabuwar, takarda ta yi daidai da imel har kobo, sannan Abba ya ce af, yana da wata 'yar tsohuwar mota a waje, ko suna da sha'awa. Aka kira manajan tsofaffin motoci, ya zagaya, ya danna kwamfutarsa, ya ce dala 9,500.

'Yan uwa, rabona da in ji Abba ya yi irin wannan dariyar tun kafin azumi. Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce albarka. Da Hausa. Ya fito da wayarsa ya nuna wa mutumin abin da irinta ta yi a gwanjo a makonnin da suka wuce, shekara ɗaya, tafiya kusan ɗaya. Ya gaya masa inda zai kai ta in ya saya, da abin da zai samu a can, da kuɗin tirelar da zai biya. Ya nuna masa rasit na sabbin tayoyi. Ya ce in ba su daidaita ba ba komai, ɗiyarsa za ta tuƙa ta su koma, jibi tana tashar jirgi, akwai mai jiranta a Legas. Wannan karon tafiyar ta gaske ce, kuma mutumin ya gane. Ya ce 11,000. Albarka. Ya shiga ciki ya fito, 12,200. Albarka. Kafin a yi awa ɗaya da kwata Baturen nan ya koyi kalmar, har shi ma ya mayar wa Abba da ita da ya nemi 14,000. A 13,000 Abba ya miƙa hannu ya ce na sallama.

Ya san da kansa zai iya samun 13,500 in ya sayar a waje. Amma harajin mota a Texas kashi 6.25 ne, kuma in ka bayar da tsohuwa a wurin, a kan bambancin kawai ake caji. Dala 812 ke nan ta tsira. Tun kafin in buɗe kalkuleta ya riga ya gama lissafin a ka.

A ɗakin takardu ni na yi aiki, kuma aikin a'a ne kawai, sau bakwai, da fara'a. Abba ya miƙa cek ɗin banki. Da aka zo takardar alkawari ya ce in gaya wa matar wannan ba inda za ta sai masallaci da gidan jikoki. Sannan ya riƙe biro a sama, bai sa hannun ƙarshe ba, ya ce ina gyara? Na yi ta kame-kamen yadda zan bayyana mata cewa a wurinmu in ka sayi mudun gero ana ɗora maka ɗan hannu ɗaya a kai. Ta yi dariya ta tafi, ta dawo ta ce shimfiɗun roba na ƙasan mota, duka sahu ukun, kyauta. Sai a sannan biro ya sauka.

A takarda ragin da muka samu a sabuwar motar sifili ne. Abin da dai ba mu biya ba, dala 13,500 ɗin da dila na farko ya ɗora, da harajin da zai hau kanta. Ni har yau ina nan a kan bakana, wanda ba ya cikin gaggawa ya bar sabuwar fitowa ta huce. In na faɗi haka sai Abba ya tuna min harajin kashi 25 da aka sa wa motocin waje a Afrilun 2025, ni kuma in tuna masa an sauke na Japan zuwa 15 a Satumba, Umma ta ce mu tashi mu ba ta wuri. A masallaci kuwa in abokansa suka tambaye shi nawa aka rage masa, sai ya ce dala 3,500, da gyara. Cinikin Sequoia yake nufi. Ba na cewa komai.

Ledar kujerun baya ta yi wata biyar kafin Umma ta yage ta yana barci. Jikokin da aka sayi sahu uku dominsu, sai an duba hannuwansu kafin su shiga. Wata uku da kawo motar ya je gwanjo ya sayo wata tsohuwar Highlander mai tsagaggen gilashi, ita yake hawa kullum. Jif ɗin Juma'a take fita, da ranar Sallah, da in za a ɗauko baƙo daga filin jirgi.